Yadda Ake Shirya Kayan Gida a Kwali Kafin Ƙaura

Duk wanda ya taɓa tashi daga wani gida zuwa wani ya san cewa ɓarnar ƙaura ba ta cika bayyana a ranar da aka kwashe kaya ba. Sai bayan kwana biyu ko uku, lokacin da uwargida ta shimfiɗa tabarma a tsakar sabon gida tana buɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya, sannan ake ganin kofin shayi babu mariƙi, farantin tangaran ya rabe gida biyu, flas ɗin da aka saya da tsada yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa a ciki. A nan akan ɗora laifi a kan 'yan dako ko direban a-kori-kura, alhali mafi yawan abin da ya fashe tun a ɗaki aka jawo masa, a hannun mai kayan, lokacin da ya rufe kwalin da ke da sauran fili a cikinsa.

Ƙa'idar aikin guda ɗaya ce, kuma duk abin da zai biyo baya daga gare ta ya fito: kada a bar komai ya sami damar motsawa a cikin kwali. Tangaran da gilashi suna jure nauyi fiye da yadda ake zato, amma ba sa jure karo da junansu. Mota tana tafe tana jijjiga, ta faɗa rami, ta hau tudun rage gudu, direba ya taka birki ba shiri, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sa kofi ya bugi ɗan'uwansa. Ko tafiyar ba ta wuce daga Gwale zuwa Hotoro a cikin birnin Kano ba, irin wannan karon ba ya ƙirguwa, balle a ce daga Kano aka nufi Abuja, tafiyar da ta haura kilomita 400.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ke da ɗaki biyu da falo da kicin yana buƙatar a fara ɗaure kayansa kamar mako biyu kafin ranar tashi, a soma da abin da ba a taɓawa kullum: kwanukan da ke jere a sho-gilas, kayan sanyi idan lokacin zafi ne, littattafai, manyan tukwanen da sai ranar suna ko salla ake sauko da su. Tukunya biyu, faranti kaɗan da bokitin wanka su ne za su kai har daren ƙarshe. Wannan kuma shi ne lokacin da ya dace a raba abin da za a tafi da shi da abin da za a bayar kyauta ko a sayar wa 'yan gwangwan, domin babu hikima a biya kuɗin dakon fankar da ta shekara uku ba ta juya ba.

Zaɓen kwali da liƙe gindinsa

Ana samun kwalaye a wurin masu kantin kayan masarufi na unguwa, wasu su bayar kyauta, wasu su sayar da araha, kuma wanda ke Kano zai same su da yawa a wajen Kasuwar Singa, inda ake sauke kayan abinci kwali-kwali. Sai dai ba kowane kwali ne ya dace da kowane kaya ba, domin kowanne an ƙera shi ne daidai nauyin abin da aka zuba masa tun farko. Kwalin ƙaramar taliyar Indomie yana ɗaukar ƙunshi 40 masu giram 70 kowanne, wato duka kayan cikinsa ba su kai kilo 3 ba, don haka wanda ya cika shi da farantan tangaran ya ɗora masa abin da ba a yi shi dominsa ba. Kwalin gwangwanin madara ko na tumatir ko na man girki ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Hanyar ganewa ita ce a dubi bakin kwalin inda aka yanka: za a ga takarda mai lanƙwasa-lanƙwasa a tsakanin shimfiɗaɗɗun takardu biyu. Idan layin lanƙwasar biyu ne, wannan shi ne kwalin da za a ware wa kaya masu fashewa.

Kwalin da ya taɓa jiƙewa ya rasa ƙarfinsa ko da ya bushe, kuma ana gane shi da tabon ruwa da laushi idan an danna da yatsa. Kwalin da ya ɗauki omo, sabulu ko maganin ƙwari kada a zuba masa kwanukan abinci ko garin tuwo, domin warin yana kama kaya. Ya kamata kuma a buɗe kowane tsohon kwali a karkaɗe shi, a duba lungunan naɗinsa, a shanya shi a rana, saboda kyankyasai suna son ajiye ƙwayayensu a irin waɗannan wurare, kuma babu wanda ke so ya tare da su a sabon gida.

Kuskuren da aka fi yi a gindin kwali shi ne saƙa fukafukansa huɗu, wannan a ƙarƙashin wancan, a ɗauka ya rufu. Irin wannan saƙa tana warwarewa da zarar an ɗaga kaya masu nauyi. Abin da ya dace shi ne a naɗe ƙananan fukafukan biyu, a rufa manyan a kansu, a bi tsagar tsakiya da salatif mai faɗi sau biyu, ana barin kowane ƙarshe ya hau jikin kwalin kamar tsawon tafin hannu, sannan a liƙe gefunan biyu da suka rage. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana kwanciya a kan komai, salatif kuwa ba ya kama wuri mai ƙura, saboda haka a goge kwalin da busasshen tsumma kafin a liƙa.

Game da girma, abin da hankali ke fara rayawa shi ne a zuba kaya masu nauyi a babban kwali, amma akasin haka ne daidai. Littattafai, tangaran da kayan ƙarfe ƙaramin kwali suke so, manyan kwalaye kuwa na matashin kai ne da robobi da labule. Bandir ɗaya na farar takarda mai warƙa 500 yana kai kilo 2.5, don haka takarda ba ta da wasa wajen nauyi. Kada kwali ya wuce kimanin kilo 20, wato abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba tare da ya yi nishi ba. Kwalin da ya fi ƙarfin ɗan dako jefar da shi yake yi idan ya isa bakin mota, ba don mugunta ba, hannunsa ne ya gaji.

Tangaran da gilashi

Ba lallai ne a sayi ledar nan mai 'yan kumburin iska ba, ko da yake tana da amfani idan an samu. Gidan Bahaushe cike yake da abin naɗi: tsofaffin zannuwa, tawul, ɗankwali, zanen gado, safar yara, guntayen soson katifa. Yin amfani da su yana rage yawan kayan da za a ɗauka, tunda su ma dole a tafi da su. Tsohuwar jarida tana aiki sosai, sai dai tawadarta tana baƙanta farin tangaran, don haka duk abin da aka naɗe da ita sai an wanke. Akwai kuma abin lura: jaridu da tsofaffin littattafan makaranta sukan ƙunshi ayoyin Alƙur'ani ko sunan Allah, saboda haka a duba shafi kafin a yage shi a cukuikuye, a ware waɗanda ke ɗauke da su.

Kafin a sa komai, a shimfiɗa wa gindin kwali abu mai taushi da kaurinsa ya kai yatsu uku, ko dai cukuikuyayyar takarda ko naɗaɗɗen tawul. A lura cewa takardar da aka shimfiɗa a miƙe ba ta tare komai. Iskar da ke tsakanin cukuikuyewar ce ke shanye bugu.

Faranti ɗaya-ɗaya ake naɗewa. A ajiye takarda biyu a kan tabarma, a ɗora faranti a tsakiya, a jawo kusurwoyi huɗu su haɗu a kansa, sannan a ɗauki na gaba. Idan an naɗe huɗu ko biyar masu girma ɗaya, a haɗa su a sake naɗe su da zani su zama ƙunshi guda. Sai babban abin da mutane da yawa ba su sani ba: a tsaye ake jera faranti a cikin kwali, a kan gefensa, ba a kwance kamar yadda ake jera shi a kanta ba. Idan an kwantar da goma, na ƙasa ne ke ɗauke da nauyin tara, kuma duk ramin da mota ta faɗa, wannan nauyin yana sauka a tsakiyarsa, inda ya fi rauni. Idan kuwa suna tsaye, kowanne nauyin kansa kawai yake ɗauka, ta ɓangaren da ya fi ƙarfi. A jera su a matse, a cusa takarda a kusurwoyin kwalin inda zagayen faranti ya bar gurbi.

Kofi da tambulan a fara cusa musu takarda ko safa a ciki, a naɗe mariƙin kofi daban da ɗan guntun tsumma, sannan a naɗe jikin gaba ɗaya. A jera su a tsaye, masu kauri a ƙasa, masu sirantaka a sama, a raba kowane hawa da yankakken kwali. Kada a zura tambulan cikin tambulan babu komai a tsakaninsu, domin jijjiga tana sa su cije juna, a zo rabawa ɗaya ya tsage. Butar shayi ta tangaran hancinta ne ke fara karyewa, saboda haka shi za a fara naɗewa da kyau. Murfin kowane kwano a cire shi a naɗe shi shi kaɗai. Murfin da aka bari a kan kwanonsa yana ta bugun bakin kwanon har su ɓantare tare. Flas mai kwalba a ciki a zubar da ruwansa, a naɗe shi da tawul, a tsayar da shi.

Idan kwali ya kusa cika, a toshe duk wani gurbi, a shimfiɗa abu mai taushi a sama har ya zo daidai baki, yadda idan an rufe za a ji ɗan matsi kaɗan. Kwalin da bai cika ba yana lotsawa idan an ɗora masa wani, wanda ya yi tozo kuma ba ya karɓar jeri. Kafin a liƙe, a riƙe shi da hannu biyu a girgiza a hankali, a kasa kunne. In an ji ko da ɗan ƙaras, aiki bai ƙare ba, a buɗe a ƙara cusa takarda har sai ya yi shiru.

Wannan gwajin a wurin ƙanwata na gane darajarsa. Ranar da za ta tashi daga gidan haya, na tarar ta naɗe saitin tangaran ɗin da mahaifiyarmu ta saya mata na kayan ɗaki, kowane kofi da takardarsa, abin gwanin sha'awa, sai dai a saman kwalin akwai fili kamar kamu ɗaya. Na ɗaga na girgiza, muka ji cakar-cakar. Na ce, “Ƙanwata, wannan ba zai kai ba.” Ta ce, “Haba Yaya, ai duk na naɗe su, kuma mota tana jira.” Aka liƙe aka tafi a haka. Da aka buɗe, kofi shida ne a saitin, huɗu suka isa da mariƙinsu, alhali da an tura zanen gado ɗaya a saman kwalin, da ya wadatar.

Sauran kayan kicin ba su kai wannan wahala ba. Tukwanen alminiyom da kwanukan silba a zura ƙanana cikin manya. Langa da kumbo da sauran kwanukan fenti ba sa fashewa, amma fentinsu yana ɓarewa idan sun gogi juna, inda ya ɓare kuma nan tsatsa ke kamawa, saboda haka a sa takarda ko tsumma a tsakaninsu. Wuƙaƙe a naɗe kaifinsu da yankin kwali a ɗaure, kada wani ya zura hannu ya yanke. Randa, tulu da kaskon turaren wuta a cika cikinsu da tsumma, a naɗe su da bargo, a zaunar da randa a kan gammo ko tsohuwar taya. Turmi da taɓarya ba sa shiga kwali, kuma a nisanta su da duk abin da ke fashewa, domin turmin da ya mirgina a bayan mota ba ya barin komai a gabansa.

Abin da ke zuba da abin da ke kamawa da wuta

Manja, man gyaɗa, zuma, humra da turare kowanne a buɗe murfinsa, a ɗora 'yar leda a bakin, a mayar da murfin a murɗa sosai, a sa kwalbar a leda a ƙulle, a tsayar da ita a cikin bokitin roba. Bokiti ya fi kwali a nan, domin ko wani abu ya zube a cikinsa zai tsaya, manja kuwa idan ya sami atamfa ya zauna ke nan. Daddawa, yaji da kuka a rufe su a mazubi mai murfi, nesa da tufafi da katifa.

Tukunyar gas a rufe kanta, a cire tiyo, a ɗauke ta a tsaye a ɗaure a buɗaɗɗen wuri a bayan mota. Gas ɗin da ke cikinta ruwa ne a matse, idan an kwantar da ita ruwan yana kaiwa bakin fita. Kada a kulle ta a but ɗin ƙaramar mota a bar ta a rana, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi kan haura digiri 40. Janareto a juye fetur ɗinsa, a rufe famfon mai, a bari ya huce, a ɗauke shi a zaune yadda baƙin mai ba zai gangara inda bai kamata ba. Batirin sola mai ruwa shi ma a tsaye, a kuma rufe kawunansa da salatif don kada wani ƙarfe ya haɗa su.

Talabijin mai faɗin fuska ba a kwantar da ita, domin an gina ta ne ta ɗauki nauyinta a tsaye, kuma idan ta kwanta tsakiyar gilashin ba shi da madogara. Wanda ya adana kwalinta na asali da farin soson ciki ya huta. Wanda bai adana ba ya rufe fuskar da bargo mai laushi, ya ɗora yankin kwali a kai, ya ɗaure, a tsayar da ita tsakanin katifu biyu. Kafin a zare wayoyin bayanta a ɗauki hotonsu da waya, a kuma haɗa rimot da wayoyin a leda ɗaya. Madubi, hotunan bango, faifan sola da gilasan sho-gilas duka hukuncinsu ɗaya ne: a ciro gilashin daga mazauninsa, a kare kusurwoyinsa da naɗaɗɗen kwali, a tsayar. Salatif ɗin da ake gicciyawa a fuskar madubi ba ya hana shi fashewa, amfaninsa shi ne riƙe ɓaraguzan idan ƙaddara ta faɗa.

Firij a kashe shi kwana ɗaya kafin tafiya, ƙanƙara ta narke, a goge, a ciro kantocinsa na gilashi, a ɗaure ƙofar da igiya mai laushi. A tsaye ake ɗaukarsa, saboda man da ke cikin injinsa yana kwarara cikin bututun sanyi idan ya kwanta. In ya isa a tsaye, a ba shi awa uku zuwa huɗu kafin a jona. In dole ta sa an kwantar da shi, a bar shi a tsaye kwana guda cur. Tufafi kuwa jakar gana-mas-go da akwati sun ishe su. Kusoshin gado da na wadirof da kafinta ya kwance a zuba su a 'yar leda a liƙe a jikin katakon da suka fito.

Rubutu, lodi da saukewa

Kowane kwali a rubuta masa lamba da ɗakin da za shi, a gefe biyu, domin rubutun sama yana ɓuya da zarar an ɗora wani a kai. Cikakken bayanin abin da ke ciki a ɗan littafi za a rubuta shi, a gaban lambar, wanda hakan ke sauƙaƙa ƙirga lokacin lodi da lokacin saukewa, kuma bai sanar da kowa inda abu mai tsada yake ba. A kan na masu fashewa a zana hoton kofi da kibiya mai nuna sama, tunda zane kowa yana karanta shi.

Akwai abin da bai kamata ya hau motar kaya ba ko kaɗan: takardun gida da na fili, takardun makaranta, katin shaida, gwala-gwalai, kuɗi da maganin da wani ke sha kullum. Waɗannan a jakar hannu suke tafiya, tare da mai su. Alƙur'ani da littattafan addini a ware musu kwalinsu, a riƙe shi a hannu ko a ɗora shi a can sama inda ba za a taka ko a zauna a kai ba.

Wajen lodi, kaya masu nauyi su ne ke fara shiga, a jingine da kan mota, a raba nauyin dama da hagu. Kwalayen tangaran su hau sama, ko su zauna a kan katifa, kada a sa su a can ƙarshen baya inda mota ta fi tsalle. Ƙa'idar da aka bi a cikin kwali ita za a bi a nan: duk gurbin da ya rage a toshe shi da matashin kujera ko jakar tufafi, a ɗaure da igiya ta gicciye. Idan damina ce, musamman Yuli da Agusta, a shimfiɗa leda a ƙasan motar, a rufa tamfol a sama ko da gari ya yi garau, domin hadari ba ya sallama. Ya kamata mutum ɗaya na gida ya tsaya a bakin mota da littafin lambobi, wani kuma ya shiga gaba kusa da direba. A yi ciniki a gama tun kafin a ɗora kaya, a nuna wa masu ɗauka kwalayen da ke da zanen kofi, a ba su ruwa mai sanyi. Kalmar “sannunku da aiki” da ɗan ihsani a kan lada suna sa a sauke kaya da hannu biyu.

Kwali na ƙarshe da zai hau mota shi ne na farko da zai sauka, kuma a cikinsa ake sa abin da daren farko ke buƙata: buta, darduma, tocila, cajar waya, ashana, sabulu, gidan sauro, zanen gado, kofi da faranti kaɗan, da abincin yara. Kwalayen tangaran kuwa a jingine su a kusurwar da ba a bi, a bar su sai an kafa sho-gilas da kantoci, hayaniya ta lafa. Ranar buɗewa a zauna a ƙasa a kan tabarma ko darduma, a tsaga salatif da bakin wuƙa sama-sama don kada ta shiga ta karce abin da ke ciki, a kuma warware kowace cukuikuyayyar takarda kafin a zubar, domin ƙananan murafu da cokulan shayi a cikinta suke ɓata. Kwalayen da suka fita lafiya a kwance su a shimfiɗe, a ɗaure da igiya, a ajiye a saman wadirof ko a rataye, nesa da ƙasa da jikin bango inda gara da danshi ke isa gare su.